Hannun Baba da Sitiyarin Umma

Mahaifina makanike ne, kuma a cikin kanikancin ma sitiyari ya ware ya riƙe. A garejinsu akwai mai inji, akwai mai walda, akwai mai wayoyi, kowa da rumfarsa. Amma duk direban da ya shigo yana mitar sitiyari ya yi masa tauri, ko yana cijewa a kwana, ba a ma barinsa ya gama bayani, rumfar ƙarshe ake nuna masa. Can zai tarar da Baba zaune a kan wata tsohuwar kujerar mota da aka jingina da bango, gabansa faranti cike da sifanoni. Damtse suke kiransa, kuma wanda ya ga hannun nasa ba ya tambayar dalili.

Ba da wannan hannu aka haife shi ba. Da manyan motocin kaya na da ya fara, irin waɗanda sitiyarinsu babu famfo babu mai, daga kai sai ƙarfin da Allah ya ba ka. Ya yi shekaru yana murɗa su da kaya niƙi-niƙi a baya kafin ya sauka ya kama gyara, kuma shekarun nan sun bar masa kafaɗa da damtsen da telansa ya gaji da su. Duk rigar da aka ɗinka masa sai ta koma an buɗa hannu. Da wannan jikin kuma, mutum ne mai sanyin murya, mai son shayi da sukari da yawa, wanda in ya ga kyankyaso a ɗaki sai ya kira Umma.

Ni ce autarsa, don haka na fi kowa zama a rumfar nan ina ƙarama, har na haddace yadda yake aiki. Ba ya fara buɗe bonet. Tayoyin gaba yake fara zagayawa, don a cewarsa rabin masu kukan sitiyari iska ce kawai ta yi musu ƙaranci. Daga nan ya buɗe ɗan tulun man sitiyari, ya tsoma yatsa ya duba launi, ya shinshina. In man ja ne garai-garai, lafiya ke nan. In ya yi baƙi yana ƙauri, sai ya ɗago ya yi wa mai motar irin kallon da ake yi wa wanda ya bar yaro da yunwa. Ya danna bel, robar nan mai juya famfon sitiyari, da babban yatsa ya ji ko ya saki. Ya sa a tayar da inji, ya kafa bakin doguwar sukudireba a jikin famfon, ya manna kunne a ƙotarta ya yi kasaƙe. Famfon da ya gaji kuka yake yi, in ji shi, kuma kowane kuka da abin da yake nufi. Sai a ƙarshe ya shiga ya zauna, ya murɗa sitiyarin dama ya murɗa hagu da hannunsa, ya yanke hukunci. In Damtse ya ce sitiyari lafiya lau, an gama magana. Ba wanda ke sake taɓawa bayansa a garejin nan, ko don kunya ma.

Umma ba ta koyi tuƙi ba sai da furfura ta fara fito mata, kuma ciwon mahaifiyarta ne ya sa. Wata safiya kofi ya suɓuce daga hannun Kaka na dama. Ta ce hannun ya yi mata nauyi, aka ce gajiya ce. Kafin a ankara ɓarin jikinta duka ya shanye. An yi an yi ta dawo gidanmu da zama, ta ce ba mai raba ta da ɗakinta sai mutuwa. Ɗakin kuwa yana gidan Kawu, can ɗaya ƙarshen garin. Matar Kawu na kula da ita da rana, amma wanka da canjin kaya Kaka ta ce ba mai yi mata sai 'yarta. Umma ta riƙa sammako kullum, ta sauka daga wannan motar haya ta hau waccan, ta dawo a galabaice. Baba ya duba ya ga abin ba mai ɗorewa ba ne. Ya samo wata 'yar tsohuwar mota, ya kwance ta tas ya sake haɗawa da hannunsa, ya kawo ta ƙofar gida ya ce ta shiga.

Yadda ta koya a wurinsa har yau yana ba ni mamaki. Ni da ya gwada koya mini, fita na yi na bar masa motar a tsakiyar titi na taho gida a ƙasa, kuma har yau ban iya ba. Baba in ya zauna gefen mai koyo sai ya zama wani mutum daban, ya yi ta salati yana riƙe ƙofa. Amma Umma ba ta ɗaukar wargi. Ta ce masa ko ya yi shiru ko ya koma baya, sai ya koma baya. Ranar da ta fara zuwa gidan Kaka ita kaɗai ta dawo lafiya, a ƙofar gida ta same shi ya ƙame kamar soja ya sara mata.

"Sannu da hanya, Direba," in ji shi.

Sunan ya bi ta, amma a bakinsa kaɗai. Ta so motar nan kamar me. Duk ƙarshen mako sai ta wanke ta ciki da waje, ta cire shimfiɗun ƙafa, ta sheƙa ruwa da sabulu a ƙasanta kamar mai wanke tsakar ɗaki. Baba ya yi magana har ya gaji ya zuba mata ido. Shi kuma nasa son, bai taɓa yarda wani a garejin ya sa wa motar sifana ba. Motar Direba ce, shi kaɗai ke taɓa ta.

Shekaru suka tafi a haka. Sai wata rana da yamma, yana cin abinci, ta ce, "Baban yara, sitiyarin nan fa ya fara yi mini nauyi."

Ajiye cokali ya yi nan take. A ce sitiyari ya yi tauri a gidan Damtse, ai wannan abin kunya ne. Ya fita, muka bi shi. Ya zagaya tayoyi, ya tsoma yatsa a mai, ya danna bel, ya sa kunne a famfo. Komai daidai. Ya shiga ya ɗora tafin hannu ɗaya a kan sitiyarin, ya wulwula shi dama ya wulwula hagu.

"Direba, wannan ai ko jariri ya murɗa shi."

"Ni dai ina jin yana riƙewa. Ya tafi, ya cije, ya saki."

"Gajiya ce. Ki rage wankin nan da kike yi da hannu."

Na ga fuskarta ta ɗan canja da ya faɗi haka, amma ban kawo komai a raina ba.

Da ta sake yin maganar bayan ɗan lokaci, bai musa mata ba. Ya kai motar gareji, ya zubar da man sitiyarin duka ya zuba sabo, ya sa sabon bel, har famfon da lafiyarsa ƙalau sai da ya canja don dai hankalinta ya kwanta. Ya dawo da ita yana fito. Washegari Umma ta fita, ta dawo tana matsa kafaɗarta ta dama. Da ya tambaye ta yaya, ta ce an gode. Daga ranar ba ta sake cewa motar ba. Ta koma cewa hannunta.

A bakin lungun gidan Kawu akwai wata matsattsiyar kwana da katangar makaranta a gefenta. Wata safiya Umma ta zo shiga, sitiyarin ya cije a tsakiyar kwanar. Ta sa ƙarfinta duka, ya saki lokaci ɗaya, gefen motar ya gurji katanga. Ba wanda ya ji ciwo, Allah ya sa ba yara a wurin. Ta kulle motar ta bar ta nan, ta yi wa Kaka wanka, ta dawo gida a motar haya. Baba ya je ya ɗauko ta. Ya shigo yana ƙoƙarin kwantar mata da hankali, shi a ganinsa albishir ya kawo.

"Fenti ne kawai ya goge. Sitiyari kuwa na gwada shi duk hanya, lafiyarsa lau."

Ya miƙa mata mukullin. Ta karɓa, ta juya shi a hannunta, ta mayar masa cikin tafinsa.

"To ka sayar da ita, ko ka ba wani. Ni na gama."

Baba ya ɗauka tsorata ta yi, in an kwana biyu za ta huce. Ya jingine motar a ƙofar gida ya rufe ta da tampol. Ba ta huce ba. Ta koma hawan motar haya, kuma ta fara cewa in riƙa raka ta.

Na ɗauka don riƙon jaka ne. Ashe koyarwa za ta yi mini. Ranar farko ta tsayar da ni a bakin gadon Kaka ta ce, "Ba ta hannu ake jan ta ba. Sa hannuwanki ta ƙarƙashin hammatarta, ki haɗa gwiwarki da tata, ki tashi da ƙafafunki, ba da bayanki ba." Na yi, muka kusa zubewa mu biyun. Kaka, da ɗan bakinta da ya karkace, ta ce a cire mata wannan ragguwar kafin ta ƙarasa ta. Na ce ai ita ce ta cika nauyi, ta rage cin abincin Kawu. Umma ko murmushi ba ta yi ba. Ta sa na sake, na kuma sakewa. Ta nuna mini yadda ake gwada ɗumin ruwa da gwiwar hannu, da yadda ake fara zura riga ta hannun da ya shanye, da inda ake duba fata don kada kwanciya ta yi mata gyambo.

Muna ɗauraye kwanon wanka a bayan ɗaki na kasa haƙuri na ce, "Umma, ba ke kika ce Kaka ba ta yarda da kowa sai ke ba? Mene ne na wahalar da ni?"

Ba ta ɗago ba. "Ki koya da kyau, Auta. Mutum biyu za ki yi wa."

Na tsaya da kwano a hannu ina kallonta.

"Haka nata ya fara," in ji ta. "Hannun dama, nauyi, aka ce gajiya ce."

Na yi faɗa, na yi kuka, na ja ta asibiti dole. Suka auna jininta, suka sa ta ɗaga hannuwa, ta matse musu yatsu, ta yi tafiya a gabansu. Suka ce ba su ga alamar abin da take tsoro ba, tsokar kafaɗa ce ta wahala. Ta yi musu godiya cikin ladabi, muna fitowa bakin ƙofa ta ce, "Ita ma ai an auna ta." Na ce to ko motar ce. Sai ta tsaya ta dube ni.

"Babanki ya ce lafiyarta lau. Kin taɓa jin ya yi kuskure a sitiyari? In ba motar ba ce, ai ni ce."

Ni ma kuwa ban taɓa ji ba. Ta sa na yi mata alkawarin ba zan gaya masa ba. Ta ce in ya ji zai daina cin abinci, kuma mutum ɗaya mai ciwo ya ishi gida.

Na ji tsoro ƙwarai a kwanakin nan, na kuma ji haushin kowa. A idona Umma ta fara tsufa. Ta daina ɗaga tukunya, ta koma riƙe hannun dama a jikinta kamar wanda aka ba ta ajiya. In ta zauna sai ka ga tana buɗe yatsunta tana rufewa, tana kallonsu. Matar da muryarta ke tashin gida da safe ta koma magana ƙasa-ƙasa. Baba yana ganin ta canja, amma bai san ta ina zai kamo abin ba. Sai ya riƙa sayo mata lemu da man zafi, ya ajiye a gefenta ya tsaya tsuru-tsuru.

Abin da ya fasa maganar bai taka kara ya karya ba. Wata safiya Baba ya zuba shayinsa ya rufe filas. Umma ta zo za ta zuba nata, ta murɗa murfin, ya ƙi. Ta rungume filas ɗin a ƙirji ta sake murɗawa, ya ƙi. Sai ta ajiye shi a hankali, ta ce, ba da kowa take ba, "Ko murfin filas ya fi ƙarfina yanzu."

Nan haƙurina ya ƙare.

"Haba Umma! Baba ne fa ya rufe shi! Tun da nake a gidan nan wa ya taɓa buɗe abin da Baba ya rufe? Yayana ma da yake ƙato sai ya naɗa tsumma yake iyawa!" Na juya kan Baba, alkawari ko oho. "Kai kuma ka sani, ta ɗauka ciwon Kaka ne ya kama ta. Har ta fara koya mini yadda zan riƙa ɗaga ta. Duk don ka ce mota lafiyarta lau!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Umma ta harare ni, ta tashi ta shige ɗakinta ta turo ƙofa. Baba ya jawo filas ɗin, ya buɗe shi da yatsu biyu. Ya kalli murfin, ya kalli hannunsa, ya daɗe a haka.

"Auta, tsakaninki da Allah, wannan da tauri?"

"Kamar an yi masa walda, Baba."

"Ni kuwa ban ji na ɗaure shi ba."

Bai je gareji ba ranar. Ya yaye tampol, ya sa jak ya ɗaga gaban motar har tayoyin biyu suka bar ƙasa, ya tokare ta da kyau. Ya ɗauko alli. Sannan ya buɗe ƙofar direba ya ce in shiga.

"Baba, ka san ban iya ba."

"Ba tuƙi za ki yi ba. Hannunki nake so. Ba zan ma tayar da inji ba. Murɗa a hankali, duk inda kika ji ya riƙe, ki faɗa."

Na fara murɗawa. Da farko ya tafi sumul, sai na ji kamar wani ya kama shi ta ƙasa. Na ce ga shi. Ya zuro hannu ta taga ya ja layi da alli a saman sitiyarin. Na yi nishi na wuce wurin, ya saki, ya tafi, ya sake kamawa. Ya leƙo, layin allin yana ƙasa daidai. Na ci gaba, ya kuma kamawa, layin ya dawo sama. Muka koma ta hagu, haka dai, duk rabin zagaye sai ya cije a wuri ɗaya. Baba ya dafa rufin motar ya sunkuyar da kai.

"Da mai ne ko famfo, nauyin ko'ina ɗaya zai zama," in ji shi, kamar da kansa yake magana. "Kuma ga inji a kashe, ga tayoyi a sama, ba ruwansu a ciki. Abin da ke kamawa ya saki a wuri ɗaya, gaɓa ce. Ya tafi, ya cije, ya saki. Ai ta faɗa mini. Sunan ciwon ta faɗa mini da bakinta."

Ya sa na fito, ya kwanta rigingine, kansa a ƙarƙashin birki da kuloci, ƙafafunsa a titi. Sandar da ke saukowa daga sitiyari zuwa tayoyi ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da wata 'yar gaɓar ƙarfe a ƙasa mai lanƙwasawa kamar wuyan hannu. Ya ɗaga shimfiɗar ƙafa, ya janye robar da ke rufe gaɓar. Robar ta yage, gaɓar kuma ta yi jajir da tsatsa. Ya kwance ta ya fito da ita, ya lanƙwasa a hannunsa, ta bi. Ya miƙo mini. Ta gefe ɗaya ta motsa da ƙyar, ta ɗaya gefen kuwa ko gezau.

"Ni ina lanƙwasa ta," in ji shi, da wata irin murya da ta ba ni tausayi. Ya shafa yagaggiyar robar da yatsa. "Ruwan wankinta ne ya riƙa bi ta nan. Kada ki faɗa mata yau."

"Gobe fa?"

"Gobe ma."

Ya kira mai walda, tsohon amininsa, ya gaya masa irin gaɓar da zai samo. Da mutumin ya kawo ta a babur ya ga gaban motar a sama, ya ga alli a sitiyari, sai ya washe baki.

"Damtse, yau kuma sitiyari ne ya kayar da kai a gida?"

Na ɗauka Baba zai kare kansa. Sai ya ce, "Hannuna ne ya cuce ni. Allah kaɗai ya san mutum nawa na sallama na ce musu lafiya lau." Mai walda ya haɗiye dariyarsa. Daga ranar Baba bai ƙara yanke wa sitiyari hukunci da hannunsa ba. Mai motar yake zaunarwa ya murɗa, shi ya tsaya a taga da alli yana kallon kafaɗunsa. A garejin sun yi ta tsokanarsa cewa Damtse ya tsufa, bai taɓa tanka musu ba.

Kafin ya ɗaura sabuwar gaɓar, sai ya jera ta da tsohuwar a kan faranti ya shiga da su gida. Umma na zaune a bakin gado, ko kallona ba ta yi ba. Ya durƙusa a gabanta, duk girman nan nasa.

"Direba, lanƙwasa mini wannan."

Ta ɗauki sabuwar ba da son ranta ba. Tun kafin ta sa ƙarfi gaɓar ta lanƙwashe ta nan ta lanƙwashe ta can.

"Wannan fa?"

Ta ɗauki mai tsatsar. Ta gwada da dama, ta gwada da hagu, ta haɗa hannu biyu. Ta ƙi.

"Ita ce a motarki. Da ita kike kokawa kullum. Tun ranar farko gaskiya kika faɗa, ni ne ban ji ba."

"Kada ka lallashe ni, Baban yara."

"Kin san ban iya lallashi ba. Zo ki gwada da kanki."

Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba. Ya koma ya ɗaura gaɓar, ya daidaita sitiyarin da tayoyi, ya sa sabuwar roba, ya sauke jak. Ya goge allin da gefen rigarsa, ya zauna a kan dakali yana jira. Na kawo masa abincin rana, ya huce a gabansa.

Sai da rana ta yi sanyi ta fito, da mayafinta, fuska a ɗaure. Ta karɓi mukullin. Na shiga baya, Baba ya zauna a gefenta ya haɗa hannuwa a cinya. A kwanar farko, wajen kantin magani, ta damƙi sitiyarin ta finciko shi da irin ƙarfin da ta saba, motar ta zabura ta kusa faɗawa kwata. Ta taka birki. Ina ganin wuyanta ta baya, zufa na gangarowa.

A kwana ta biyu ta murɗa a hankali, motar ta bi. Da ta fita daga kwanar ta sassauta riƙo, sitiyarin ya zame cikin tafukanta ya dawo tsakiya da kansa. Na ji ta ja numfashi. Daga nan ba lungun da ba ta shiga ba a unguwarmu. Ta yi dama, ta yi hagu, ta zagaya shatale-tale ta sake zagayawa, har mai sayar da jarida ya fara ɗaga mana hannu. Sannan ta miƙe hanyar gidan Kawu. Da muka hango katangar makarantar, da ɗan fentinmu har yanzu a jikinta, na rufe ido. Da na buɗe mun riga mun shige.

Ta tsaya a ƙofar gidan ta kashe inji. Ta kifa goshinta a kan sitiyarin, kafaɗunta suka fara rawa. Ni ma hawaye nake yi a baya. Baba ya ɗaga hannu kamar zai dafa ta, ya tuna ina nan, ya mayar.

Da ta ɗago, faɗa ta fara. "Kullum na farka sai na fara motsa yatsuna in ga ko suna nan. Kullum! Kai kuma kana kawo mini lemu."

"Ki yafe mini."

"Ban gama ba."

Ya jira, amma ba ta ƙara komai ba. Ta kalli hannunta na dama, ta juya shi gaba da baya.

"Miƙo hannunka," in ji ta.

Tun da nake ban taɓa ganin sun riƙe hannu a gabana ba. Na kau da kai don kunya, amma idona ya ƙi barin wurin. Ta kama ƙaton tafin nan nasa da hannunta na dama, ta cije leɓe, ta matse iya ƙarfinta, har jijiyoyin wuyan hannunta suka tashi.

"Ka ji?"

A raina ina roƙon Allah ya sa ya yi mata ƙarya, ya ce wayyo ko sau ɗaya. Amma Baba bai iya ba. Ya daɗe yana kallonta, idanunsa sun yi ja.

"Wallahi, Direba, ban ji komai ba."

Sai ta fashe da dariya, hawayen bai ma bushe ba. Ta yi ta dariya har gwiwar hannunta ta danna hon, wata akuya ta zabura daga gindin katanga.

"To ai shi ne, bawan Allah," in ji ta. "Ai shi ne."

Ta share fuska da bakin mayafinta, ta zare mukullin ta jefa a jaka, ta buɗe ƙofa. Na yunƙura zan bi ta.

"Ina za ki? Zauna ki taya babanki hira. Zan shiga in gyara wa tsohuwa kwanciya."